Gona ta mai gona ce, ɗakin kwana fa? Taƙaddamar shigar lauyoyi wurin 'yan ciranin gona a Amurka

A watan Yunin 2025 Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta sanar da cewa ta daina aiki da wata ƙa'ida da ita da kanta ta fitar a watan Afrilun 2024 domin kare ma'aikatan gona masu shigowa ƙasar da bizar wucin gadi. Ba a yi wata guda ba ta gabatar da shirin soke mafi yawan ƙa'idar. Cikin abin da aka jingine akwai magana ɗaya da mai karatu zai ɗauka ba ta ma buƙatar doka: idan ma'aikaci ya tashi daga aiki, yana da ikon karɓar baƙo a masaukin da yake kwana, ko lauya ne, ko ma'aikaciyar jinya, ko malamin addini. Wannan magana da ake gani ƙarama ta fi shekara hamsin tana zagaya kotunan Amurka, kuma har yau amsarta tana sauyawa da zarar mutum ya tsallaka daga wata jiha zuwa wata.

## Kalmomin da rigimar ta rataya a kansu

Ta farko ita ce kutse, wato shiga filin wani ba da izininsa ba. A dokar Amurka kutse iri biyu ne. Akwai wanda mai fili zai kai ƙara ya nemi diyya, akwai kuma wanda yake laifi ne da ɗan sanda zai kama mutum a kansa, galibi idan an riga an gargaɗe shi, ko an ce ya fita ya ƙi. Ba sai an yi ɓarna ba. A 1997 Kotun Ƙolin jihar Wisconsin ta tabbatar da tarar dala 100,000 a kan wani kamfani da ya ja gidan tafi-da-gidanka ta cikin gonar wasu tsofaffi bayan sun hana shi, alhali ɓarnar da aka ƙiyasta dala 1 ce tak. Ikon cewa "kada ka shigo" shi ne abin da Ba'amurke ya fi ɗauka a matsayin ma'anar mallaka.

Ta biyu ɗan cirani. A da, yawancinsu mutane ne da ke bin kaka daga kudu zuwa arewa, su tsinki lemu a Fulorida, su gangara har New Jersey da Michigan lokacin tumatir da 'ya'yan itace. Yanzu kaso mai girma na shigowa ne da bizar da ake kira H-2A, wadda dokar shige da fice ta 1986 ta samar. Guraben da gwamnati ta amince da su a wannan tsari sun tashi daga kusan 48,000 a 2005 zuwa sama da 370,000 a 2023. Kusan tara cikin goma na masu bizar daga Meziko suke, sai Afirka ta Kudu da Jamaika. Mai gonar da ya ɗauko su wajibi ne ya ba su masauki kyauta, da mota zuwa wurin aiki, ya kuma tabbatar musu da aƙalla kashi uku cikin huɗu na sa'o'in aikin da aka rubuta a kwantiragi. Amma bizar da sunan uban gida take fitowa, sauya wurin aiki sai wani mai gona ya shigar da sabuwar takarda. Wanda ya san zaman kafala a ƙasashen Larabawa zai gane yanayin ba tare da dogon bayani ba.

Ta uku lauyoyin agaji, masu yi wa marasa ƙarfi aiki kyauta. Da yawansu suna samun kuɗi daga Legal Services Corporation, hukumar da majalisar dokoki ta kafa a 1974. A 1996 aka ɗaure musu hannu da sharuɗɗa: ba su shigar da ƙarar taron dangi a madadin jama'a masu yawa, ba su wakiltar mafi yawan waɗanda ba su da takardun zama, kuma ba su da damar tunkarar mutum su ce masa zo mu kai ƙara. Abin da aka bar musu shi ne wayar da kai, su bayyana wa ma'aikaci haƙƙinsa, su jira shi ya nemi taimako. Mai bizar H-2A suna iya tsaya masa a kan albashi, masauki, sufuri da sauran abin da kwantiraginsa ya ƙunsa.

Ta huɗu ita ce cibiyar maganar: shin ma'aikacin da ke kwana a ɗakin uban gidansa ɗan haya ne, ko mai zaman alfarma? Ɗan haya yana da ikon ɗakinsa, shi ke zaɓar baƙonsa, mai gida ba ya hana. Mai zaman alfarma ba shi da wannan iko. Shi ya sa takardun kwantiragi da yawa suke rubuta ƙarara cewa zaman masaukin ba haya ba ne, iko da mallaka suna hannun mai gona.

## Yadda aka zo nan

Lokacin da Amurka ta kafa manyan dokokinta na ƙwadago, ta bar ma'aikacin gona a waje. Dokar 1935 da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya ba ta haɗa da shi ba. Dokar 1938 ta mafi ƙarancin albashi ita ma haka, sai a 1966 aka shigar da wasu, kuma har yanzu dokar tarayya ba ta tilasta biyan ma'aikacin gona kuɗin ƙarin lokaci. Masana tarihi da dama suna danganta wannan da matsin 'yan majalisa daga jihohin kudu, inda baƙaƙen fata ne ke yawancin aikin gona a lokacin. A 1983 aka yi dokar kare 'yan ciranin gona, mai magana a kan albashi da lafiyar masauki da motoci, amma ba ta ce komai ba a kan wanda zai iya kai musu ziyara, kuma masu bizar H-2A ba sa cikinta.

Sai a haɗa wannan da yanayin zaman. Masaukin yana can cikin gona, wani lokaci kilomitoci daga kwalta. Ma'aikaci ba shi da mota, ba ya jin Turanci, wani ma Sifaniyancin bai ishe shi ba don harshensa Mixteco ne ko Triqui, harsunan 'yan asalin Meziko. Yakan yi kwana shida yana aiki, ran hutu motar uban gida ta kai shi kanti ya yi cefane ya aika kuɗi gida, ta dawo da shi. Ofishin lauya a buɗe yake lokacin da shi yake gona. Idan lauyan bai je ba, ba za su haɗu ba.

## Shari'ar Shack

Hukuncin da ake koyar da kusan kowane ɗalibin lauya a Amurka a kan wannan batu ya fito ne daga Kotun Ƙolin jihar New Jersey a watan Mayun 1971. Mutum biyu ne suka shiga wata gona a ƙaramar hukumar Cumberland. Frank Tejeras ma'aikacin wata ƙungiyar yaƙi da talauci ne, ya je neman wani ɗan cirani da ke da ɗinki 28 a jikinsa wanda lokacin cirewa ya yi. Peter Shack lauya ne na ofishin agaji na Camden, yana son ganin wani ma'aikacin a kan matsalar shari'a. Kuɗin aikinsu duka biyun daga gwamnatin tarayya yake fitowa.

Mai gonar ya tare su kafin su kai sansanin. Bai ce sam ba. Ya ce zai nemo mai raunin, shi kuma wanda ke son lauya za a kawo shi, amma ganawar a ofishinsa za a yi, yana zaune. Suka ƙi, suka ce ma'aikaci yana da haƙƙin ganin lauyansa a ɗakinsa ba tare da kunnen uban gida ba. Mai gona ya kira ɗan sandan jiha, wanda ya ce ba zai fitar da su ba sai an rubuta ƙorafi. Aka rubuta. Ƙaramar kotu ta same su da laifin kutse, ta gaba da ita ma haka.

Kotun Ƙolin jihar ta rushe hukuncin. Babban Alƙali Joseph Weintraub ya rubuta cewa haƙƙin mallaka an yi shi ne don amfanin ɗan Adam, kuma wannan amfanin shi ne iyakarsa. Takardar fili ba ta ba mutum iko a kan makomar waɗanda ya bari suka zauna a filinsa. Abin lura shi ne hanyoyin da kotun ta ƙi bi. Ba ta dogara da kundin tsarin mulkin ƙasa ba. Ba ta kuma tsaya tantance ko ma'aikacin ɗan haya ne ba, tana ganin tsofaffin rabe-raben haya ba su dace da wannan zama ba. Cewa ta yi a dokar New Jersey ikon mai fili tun asali bai kai ga tare hanyar taimakon da gwamnati ta tanadar wa waɗannan mutane ba, saboda haka ba a yi kutse ba.

Kuma ba ta buɗe gonar ga kowa ba, wannan ɓangaren ne aka fi mantawa. Mai gona yana iya tambayar baƙo sunansa da abin da ya kawo shi a taƙaice. Yana iya hana 'yan talla. Ba a yarda a tsayar masa da aiki ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya hana ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da aka sani, ko baƙon da ma'aikaci ya zaɓa da kansa, ko 'yan jarida idan ma'aikacin bai ƙi ganinsu ba, ko ya nace sai ya saurari abin da ake faɗa.

## Kowace jiha da nata

Hukuncin Shack a New Jersey kaɗai yake da ƙarfin doka. Sauran wurare sun bi hanyoyi daban, wasu hanyoyin kuma sun toshe.

An fara gwada 'yancin faɗar albarkacin baki. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kamfanin da ya mallaki gari sukutum a Alabama, da titunansa da kantunansa, ba zai hana raba takardun wa'azi ba, don ya zama tamkar hukuma. Lauyoyi suka ce sansanin 'yan cirani ma gari ne na kamfani. Wasu kotuna sun karɓa a farkon shekarun 1970. Daga baya Kotun Ƙoli ta taƙaita wannan fahimta, kuma a 1978 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce masaukin ma'aikatan wata gonar kamfanin Campbell Soup a Illinois bai kai gari ba, ta hana ƙungiyar agaji shiga.

Hanyar haya ta fi ɗorewa. Kotun tarayya a Michigan a 1971, da Kotun Ƙolin jihar Maine a 1995 a shari'ar wata babbar gonar ƙwai, sun ɗauki ma'aikata a matsayin 'yan haya masu ikon karɓar baƙi, bisa hujjar cewa masaukin wani ɓangare ne na ladan aikinsu, ba kyauta ba ne. Jihohi irin su Fulorida, Oregon, Wisconsin da Pennsylvania sun rubuta dokar ziyara a fili. A wasu jihohin ra'ayin babban lauyan jiha kawai ake da shi, wanda ɗan sandan ƙauye bai taɓa karantawa ba. A Maryland akwai irin wannan ra'ayi tun 1982, amma a 2015 ɗan sanda ya ba ma'aikatan ofishin agaji na jihar takardar hana su taka wata gona har shekara guda. Sai da suka je kotun tarayya, inda a 2017 alƙali ya ƙi korar ƙararsu, yana ganin akwai hujjar cewa an taɓa 'yancinsu na magana.

## Abin da Cedar Point ya sauya

A 1975 Kalifoniya ta ba ma'aikatan gona 'yancin ƙungiya da dokar tarayya ta hana su, ta kuma ba jami'an ƙungiyar ƙwadago damar shiga gona: sa'a ɗaya kafin aiki, ɗaya lokacin abincin rana, ɗaya bayan tashi, har kwana 120 a shekara. A watan Oktoban 2015 jami'an ƙungiyar United Farm Workers suka shiga Cedar Point, gonar renon dashen sitiroberi a arewacin jihar, da asuba, da lasifika. Kamfanin da wani kamfanin inabi da lemu na Fresno suka kai ƙara.

Ran 23 ga Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai 6 a kan 3, ta ba su gaskiya. Babban Alƙali John Roberts ya ce idan gwamnati ta ba wani ikon shiga filin mutum, ko da na 'yan sa'o'i ne, ta ƙwace wani yanki na mallakarsa, kuma kundin tsarin mulki ya ce ba a ƙwace sai da diyya. Alƙali Stephen Breyer, a madadin marasa rinjaye, ya ce wannan tsara amfani da fili ne na ɗan lokaci, kamata ya yi a auna amfaninsa da cutarwarsa, ya kuma nuna damuwa a kan makomar masu duba lafiya da tsafta.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Cedar Point bai soke Shack ba. Ma'aikatan waɗannan kamfanoni biyu ba a gonar suke kwana ba, kuma masu shigar jami'an ƙungiya ne da suka zo wurin aiki. Roberts da kansa ya ware wasu abubuwa: iyakokin da dokar mallaka ta daɗe da su, da binciken lafiya da gwamnati ke gindayawa a matsayin sharaɗin lasisi. Lauyoyin ma'aikata suna cewa ikon mazaunin ɗaki na karɓar baƙo tsohuwar iyaka ce irin wadda aka ware, kuma wanda ya nemi gwamnati ta ba shi izinin shigo da ma'aikata daga waje ya karɓi sharuɗɗan da ke tare da izinin. Lauyoyin manoma suna cewa duk dokar da ta tilasta wa mai fili barin baƙo ya ratsa gonarsa ta faɗa ƙarƙashin hukuncin. Kotun Ƙoli ba ta yanke tsakaninsu ba tukuna.

Inuwar hukuncin ta bayyana a ƙa'idar 2024. A daftarin farko Ma'aikatar Ƙwadago ta so ba ƙungiyoyi ikon shiga masauki da kansu. A na ƙarshe ta janye wannan, ta bar ikon a hannun ma'aikaci, shi zai gayyata. Duk da haka a watan Agustan 2024 wata alƙaliyar tarayya a jihar Jojiya ta dakatar da ƙa'idar a jihohi 17, tana cewa ma'aikatar tana ƙoƙarin ba ma'aikatan gona abin da majalisa ta hana su a 1935. Kotuna a Kentucky da Mississippi suka biyo baya a watan Nuwamba.

## Hujjar kowane ɓangare

Manoma ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba duka ba ne fakewa. Gona wurin aiki ne mai haɗari, da manyan injuna da maganin feshi. Idan baƙo ya ji rauni, mai gona za a kai ƙara. Dokokin tsaftar abinci suna buƙatar a san mai shiga da fita, kuma tun da murar tsuntsaye ta shiga garkunan shanun madara a 2024 tsoron ɗauko cuta a takalmi ko tayar mota ya ƙaru. Doka ta ɗora wa mai gona alhakin lafiyar masaukin, suna tambaya ta yaya za a ba mutum alhakin wuri a hana shi ikon ƙofarsa. Akwai ma'aikatan da su kansu ba sa son a buga musu ƙofa bayan sa'a goma a rana. Wasu manoman kuma suna kallon lauyan agaji a matsayin mai neman ƙara da kuɗin harajinsu.

Ɗaya ɓangaren yana cewa duk waɗannan ana magance su da sharaɗin lokaci da rajistar baƙi, kamar yadda Shack ya tanada, ba sai an rufe ƙofa ba. Babbar hujjarsu ita ce gwamnati ba ta da idon da zai ga abin da ke faruwa. Nazarin cibiyar Economic Policy Institute a kan alƙaluman Ma'aikatar Ƙwadago ya nuna ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu ɗaukar ma'aikatan gona ake bincika a shekara, kuma kusan kashi 70 na binciken da aka yi an samu saɓa doka. Suna kuma nuna shari'ar kudancin Jojiya ta watan Nuwamban 2021, inda aka gurfanar da mutum 24 bisa zargin shigo da ma'aikata daga Meziko, Guatemala da Honduras da bizar H-2A, a karɓe musu fasfo, a tsare su a sansanoni masu shinge, suna tonon albasa da hannu a kan senti 20 kowane bokiti. Masu gabatar da ƙara sun ce an samu sama da dala miliyan 200, kuma aƙalla mutum biyu sun mutu. Ba haka yawancin gonaki suke ba. Amma abin ya ɗauki shekaru yana gudana a wuraren da ba mai shiga.

Idan aka auna, hujjar manoma ta fi ƙarfi a cikin gona lokacin aiki, ta fi rauni a bakin ɗakin kwana da daddare. Sharaɗin da mai gonar New Jersey ya kafa, cewa a yi ganawar yana zaune, ba shi da alaƙa da injin ko cuta.

## Abin da ya rage wa ma'aikaci

Jingine ƙa'idar 2024 bai taɓa dokokin jihohi ba. Ma'aikaci a New Jersey ko Oregon yana nan da ikonsa. Wanda abin ya shafa shi ne na jihar da ba ta da doka, wanda ƙa'idar tarayya ce kaɗai za ta ba shi abin riƙewa. Yanzu ya koma ga abin da kwantiragi ya ce da kuma fahimtar ɗan sandan da aka kira. Mutum biyu 'yan ƙauye ɗaya a Meziko, da biza iri ɗaya, suna iya samun amsa biyu.

Ofisoshin agaji sun koma amfani da WhatsApp da Facebook, da tsayawa a bakin kanti ko wurin wanki ran Lahadi. Yana taimakawa, sai dai waya ba ta nuna wa lauya gadaje nawa aka cusa a ɗaki, ko bandaki nawa mutum arba'in ke rabawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma kafin ya faɗa wa wanda bai sani ba sai ya ga fuskarsa fiye da sau ɗaya. Shi ya sa masu wannan aiki suke zuwa da yamma, su bar takarda da lambar waya da ɗan littafin rubuta sa'o'in aiki, su tafi, su sake dawowa.

Ko a jihar da doka ta buɗe ƙofa, akwai abin da ba ta kai gare shi ba. Kwantiragin na wata shida ne ko takwas, kuma dillalin da ya kawo mutum bana shi ke rubuta sunayen waɗanda za a kira baɗi. Da yawa sun ci bashi kafin su taso. Idan motar shugaban leburori tana fake a gaban masauki lokacin da baƙi suka iso, ma'aikaci yakan karɓi takardar ya ce ba shi da matsala, ya kira lambar bayan ya koma gida an gama kaka, lokacin da shaidu sun watse kuma shi yana wata ƙasa.